An Cire Ni Daga Ƙugiya

"Lale da maigida! Yau kuma da rana tsaka? Ko kamfanin ne ya ƙone?"

Tsohuwar tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma. Jikanta direba ne a wani kamfanin rarraba kaya, kuma a irin wannan lokaci a kan titi aka san shi. Ga shi tsaye da rigar aiki, riƙe da kwalbar man zafin da ta daɗe da aikensa.

"Sannu da gida, amarya. Ga man gwiwarki. Ki riƙa lakata kaɗan-kaɗan, don in ya ƙare sai dai ki shafa addu'a."

"Au, an kore ka."

"Wa ya gaya miki?"

"Fuskarka. Haka kakanka yake shigowa in ya dawo daga kogi da kwando wayam."

Ya kife bokiti ya zauna.

"Kada Baba ya ji. A ɗakinki zan ɓuya har yamma. An goga motar da nake ja a jikin get, kuma wallahi ba ni ba ne. Jiya manaja ya tara mu. Shi kuwa in ransa ya ɓaci, Turanci kawai ke fita. Ya zagaya motar, ya tsaya daidai kaina, ya ce *something is fishy*."

"Me ke nan?"

"Wai wani abu yana ƙarnin kifi."

"To, ka yi wanka ranar?"

"Tsohuwa, sai da na sunkuya na shinshina hammatata a gaban jama'a. Daga baya na ji ashe nufinsa akwai lauje cikin naɗi."

"Ni da na kwana da masunci har gashina ya yi fari, ba wanda ya taɓa ce min fishi. Ci gaba."

"Yau da safe ya kira ni ofis, ya ce ya duba kyamara. Ko kai bai ɗago ba ya ce *you are off the hook*. Wato an cire ni daga ƙugiya."

"Wace ƙugiya kuma?"

"A bangon ofis akwai ƙugiyoyi a jere, kowane direba da tasa, a nan muke rataye makulli. Wanda aka cire daga ƙugiya, me ya rage masa?"

"Ka tambaye shi?"

"In tambaya? Ni da nake yi wa sauran direbobi fassara? Farfesa fa suke ce min. Na dai tsaya zan ba shi haƙuri, ya ce in tafi, *he has bigger fish to fry*. Yana da manyan kifin da zai soya."

"Ya kore ka, ya tafi suya, ko kan kifin bai ce a ba ka ba? Wannan ba ya tsoron Allah."

Ta murza gwiwa, sannan ta ce, "Ni ban san Turanci ba. Hausar ma rabinta ta bi haƙorana. Amma abu biyu na sani a bakin ƙugiya, da kifi da tana. In aka cire tana, ta gama amfani, jefar da ita za a yi. In aka cire kifi aka sake shi, ai ya sha. Kai wanne ne?"

"Ke kika raine ni, ki faɗa."

"A rama dai tana ce. A wauta kuwa kifi, kifin ma na rijiya."

"Gado na yi. An ce kakana ko ƙwaɗo bai taɓa kamowa ba."

"Ƙarya ake masa, ya kamo ni. Har ya koma ga Allah yana jiran mai ce masa of-da-huk, bai samu ba."

Direba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Aljihunsa ya hau ɓari.

"Cikinka ne ke kuka ko waya?"

"Manaja ne. Tun ɗazu yake kira. Rigarsu yake so in mayar."

"Ɗauka."

"Ba zan ɗauka ba. Kora ɗaya ta ishe ni a rana."

"Ɗauka, ko in ɗauka in ce masa ni ce matarka, ga goyo ga ciki, ya faɗa min wa zai ciyar da mu."

Ya san za ta iya. Ya ɗauka.

Ba a ji abin da aka faɗa daga can ba. An dai ga direba ya miƙe zumbur har bokitin ya tuntsura, ya cire hula ga wanda ba ya ganinsa, yana ta "yes sir, sorry sir." Sannan ya sauke wayar.

"To, Farfesa? Fassara mana."

"Wai kyamara ta nuna mai wankin mota ne ya goga ta. An wanke ni, abin da ya ce min da safe ke nan. Motar tana can cike da kaya, masu shaguna sai kira suke yi. Ya ce in ban iso yanzu ba, zai yi min korar da ba ta buƙatar fassara."

"Ashe ba tana ba ce."

"Kin ci, tsohuwa. Kifi ne. Amma in direbobi suka ji wannan labari, na sake ki."

Bai jira amsa ba. Ya yi waje da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Tsohuwa ta bi shi da kallo tana dariya har da tari.

"Ikon Allah! Na rayu na ga kifin da aka sake shi, yana gudu zai koma ƙugiya."