Yadda Ake Kamo Mai Zuba Jari Ko Babu Masana'anta

Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, mai kuɗi zai taso daga ƙasar waje ya zo garinku, kuma ba zai tafi ba sai ya sa hannu. Maƙwabcina, Daraktan Ofishin Jawo Jari, ya gwada su. Shugaban hukuma ne ya ce masa ko ya kawo mai zuba jari bana, ko ya sauka daga kujera. Ga yadda ya yi, kai ma sai ka kwaikwaya.

1. Fara da fenti

Kada ka ce za ka gyara gari, ka wahalar da kanka a banza. Hanyar filin jirgi kawai za ka shafa wa fenti, ita ma gefen da tagar baƙo take. Inda bola ta fi ƙarfinka, kafa allo mai hoton dogayen benaye. Mai kuɗi ba ya leƙa bayan allo.

2. Samo masana'anta

Ba ku da ita? Kai ma dai! Darakta tsohon sito ya ara, ya kori tantabarun ciki, ya rubuta "Kamfanin Takalma" a ƙofa. Takalman kuma ya aro su a kasuwa, ya jera a kwalaye har rufi.

3. Ɗauki ma'aikata

Me dangi suke yi maka? Raba musu hular kwano. Kawun Darakta, wanda rabonsa da aiki tun yana da baƙin gashi, shi ya zama babban injiniya.

"Ɗan nan, to me zan riƙa yi?"

"Kawu, ka riƙa duba agogo kana girgiza kai. Aikin ke nan."

4. Tayar da ƙara

Jera injinan markaɗe a bayan tamfol, ka kunna su gaba ɗaya. Riba biyu ce: baƙo zai ji ana aiki, kai kuma ba za ka ji tambayarsa ba.

5. Amsa komai da "har da rara"

Baƙuwa ce ta zo, 'yar siririya mai tabarau, tafinta na biye da ita. Duk abin da ta tambaya, Darakta ya ce, "Har da rara!" Daɗi ya kusa kashe shi, kujerarsa ta tsira. Ta ɗauki takalmi ta lanƙwasa, ta shinshina, ta yi magana da tafinta.

"Ranka ya daɗe," in ji tafinta, "ta ce kamfani irin wannan ba ya bukatar jarin kowa. Ta fasa zuba jari, saye za ta yi. Kwantena cike da takalma take so duk wata."

Shugaba ya miƙe yana tafi. 'Yan jarida suka saita kyamara. Baƙuwa ta sa hannu, Darakta ma ya sa yana murmushin yaƙe.

6. Karɓi girma da hannu biyu

Nan take Shugaba ya rungume shi, ya ƙara masa muƙamin manajan kamfani. Baƙuwa kuma ta bar injiniyanta ya zauna ya koyi aiki a wurin Kawu. Motarta ba ta gama fita ba Kawu ya matso, hular kwano a karkace.

"Ɗan nan, ɗalibin nawa yana son ganin bayan tamfol. In nuna masa, ko in ci gaba da duba agogo?"

Gargaɗi

Alkawarina shi ne baƙo zai sa hannu, kuma an sa. Maganar takalmi ba da ni aka yi ba. In wata ya zo ƙarshe ka ga kwantena a ƙofarka, babu hannuna, babu ƙafata, ban ma san ka ba. Kuma kada ka biyo ni gida. Tun da na ga Darakta yana zagaya unguwa da buhu, takalman gidana a ɗaka suke kwana.