Rasuwar Gwaggo, Wayar da Ba Ta Korar Baƙo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Alkasum Tela na unguwar Zango, Damagaram, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a tafin hannunsa, jikinta zau kamar dutsen guga.

Marigayiya ta yi tsawon rai. Ta faɗo daga kabu-kabu ta tashi, ta faɗa kwanon fura ta fito, ba ta taɓa kai ƙara ba. Kukanta ɗaya ne, tirrin-tirrin, sai kuma ƙit idan ta ji yunwa. Halin maigidanta ta ɗauko kaf: Alkasum bai taɓa ce wa baƙo tashi ba, don haka bai taɓa rufe shafin da ya buɗe a burauzarta ba. Shafin farashin shadda na bara waccan ma yana nan zaune.

Ajali ya zo ta hanyar abin farin ciki. An yi wa Safiyanu ɗan Alkasum haihuwa a Agadas, aka sa wa jariri sunan kakansa. Da yake tsufa ya hana Gwaggo karɓar hoto kai tsaye, sai Safiyanu ya ɗora hoton a wani shafin intanet. Alkasum ya ajiye almakashi ya buɗe, mai ɗakinsa Hafsatu tana leƙe ta kafaɗarsa, don tun ranar suna suke musu a kan wanda yaron ya biyo.

Kai, shafin nan bai zo shi kaɗai ba! Tallar maganin basir tana rawa, ƙwallo yana tsalle, wata mota tana juyi ba direba. Gwaggo ta tsaya cak. Cikin ladabi ta nuna tambaya a fuskarta, ko a jira shafin ko a rufe shi. Alkasum ya ga ai jikansa na ciki, wa zai rufe wa takwaransa ƙofa? Ya danna jira. Ta sake tambaya, ya sake dannawa, Hafsatu tana yi mata fifita.

Likitanta Nomau mai gyaran waya ya bayyana daga baya cewa irin waɗannan shafuka cike suke da ɓoyayyun umarni, kowanne yana aiken burauza lokaci guda, ita kuwa hannu ɗaya gare ta. Ba rezo ba ne, wato sabis ɗin waya, ba maita ba ce, aike ne ya yi wa tsohuwa yawa.

Duk da haka ta yi ta maza. Ta jawo hoton daga sama a hankali: ga hula, ga goshi, ga kunnuwa fatan-fatan irin na Alkasum sak. Daga nan ta ce ƙit, fuskarta ta yi baƙi. Alkasum ya yi hawaye, ba ya ɓoyewa.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin zare, da fasasshen gilashi, da shafuka marayu masu yawa.

Za a yi mata sutura da ƙyallen shadda gobe da hantsi, a kwantar da ita a aljihun keken ɗinki. Zaman makoki a ƙofar shago. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da waya mai jini a jika, domin har yanzu Alkasum bai ga jikansa ba sai iyakar kunnuwa, Hafsatu kuwa ta rantse daga nan zuwa ƙasa duk kamanninta ne.