Uwata Ba Ta Kama Sunana

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya aka raɗa mini sabon suna ina da shekara hamsin da biyu, ba rago ba goro.

Inna na ɗauko daga Bambeye, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A wani gidan likita nan garin Tawa aka ɗebi jininta. Likita ya ce ba zai rubuta magani ba sai ya ga takardar awo, sai na zaunar da ita bisa benci na nufi tagar karɓa.

Ranka ya daɗe Sarkin Taga ya dube ni ta saman gilashi. "Sirrin marar lahiya na. Sai ta hwaɗi da bakinta wa za a ba."

Madalla da doka! Ni ma ba na son maƙwabcina Sadisu ya san abin da ke cikina. Na tallabo tsohuwa. Sarkin Taga ya nemi katinta, yana can gida cikin ƙwarya. Sai ya nuna ni da biro.

"Inna, mi as sunan wanga?"

Ai kuwa ta ja mayafi ta juya bango. Ni ne ɗan farinta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, a bakin taga za ta fara?

"Wancan dai," ta ce.

Kai, mutumin akwai ƙwazo! Ya rubuta Wancan, ya buga hatimi, ya duba katina. "Nan Alƙasum na gani. Tahi ka zo min da Wancan."

Na girmama shi da Faransanci, na ce, "Mushe, kai ba ka da uwa?"

Ya ce yana da, amma shi auta ne. Gaskiyar Hausawa, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Muna tsaye cirko-cirko, sai ya ƙwala wa abokin aikinsa kira ta kan mutum arba'in: "Faruk! Dosiyen nan, takardar awon tsohuwar Bambeye mai ciwon ƙoda, maida shi durowa!"

A haka na ji ciwon uwata. Wata mai fura da ke cikin layi ta ce, "Allah shi sawwaƙa, Inna." Wani ɗan kabu-kabu ya ce ta rage gishiri.

Kada dai a ce ba su riƙe amana ba. Duk Tawa ta ji, amma likitan da zai rubuta magani har yanzu an ɓoye masa.