Filasta a Kan Jar Wuta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara wa Baba Ɗanladi jama'a a ƙofar masallaci ba, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Lokacin ina sabon ma'aikaci, na sayi mota ta hannu, ina ji da kaina. Gidanmu yana can cikin lungu a Ƙofar Kuyambana, inda ko amalanke sai an karkata ta. Don haka a ƙofar gidan Baba Ɗanladi nake ajiye motar, a bakin titi. Tsohon direban babbar mota ne, abokin mahaifina, "ɗana" yake ce mini. Makulli ɗaya ma a hannunsa yake, saboda in motar hatsi ta zo sauke kaya ya matsar da tawa.

Sai mota ta fara wulaƙanta ni. Ka murɗa makulli ta yi "ƙyat" ta yi shiru. Ni da babbar riga, ina roƙon masu faskare su tura ni. Na canza batir, mako biyu ya mutu. Abin da ya fi ƙona mini rai, wata rana ta tashi garau, wata rana ta ƙi. (Akwai wata jar wuta da ke kunne a gaban sitiyari. Baba ya taɓa ce mini, "Ɗana, wutar nan fa magana take yi." Na ce a raina, me tsohon direba ya sani? Tana damun idona, na liƙe ta da filasta.)

Ranar Asabar ɗin, ina dawowa daga sallar asuba, sai ga Baba yana tura keke, batirina ɗaure a baya da roba. Ya buɗe bonet ya mayar da shi, ya yi tafiyarsa. Nan take lissafina ya cika. Gidansa akwai talabijin, kuma in an ɗauke wuta da batirin mota ake kunna ta. Wato ni nake shan turi, su suna shan kallo!

Ban same shi a keɓe ba. Ina! Sai da aka sallame azahar, mutane na neman takalma, na ɗaga murya.

"Baba, a ji tsoron Allah! Batirina kake cirewa kana kallo da shi. Da idona na gan ka!"

Mutane suka juyo. Liman ya ce, "Malam, bi a hankali." Na ce babu wani a hankali, amana aka ci. Baba ya juya ya ce a kira Isa mai wayarin, wanda ke cajin batura a bakin kasuwa.

Isa ya zo yana goge hannu, muka ɗunguma wajen motar, jama'a na biye da mu. Ya ce in tayar da mota, ta tashi. Ya cire kan batir ɗaya, injin ya mutu nan take.

"Altaneta ce ba ta caji," in ji shi. "Ita ke mayar wa batir wutar da ya kashe. Ko sabo ka sa, shanye shi motar za ta yi. Jar wuta ba ta nuna maka ba?"

Ya leƙa ciki. Ya sa farce ya ɓare filastar, ya ɗago ta sama kowa ya gani.

"Malam, wannan wane asibiti ya yi mata?"

Dariyar da aka yi ba ita ta kashe ni ba. Abin da Isa ya ƙara ne.

"Ai batirin nan na san shi. Baba ke kawo mini shi da la'asar, ya ɗauka da asuba. Ya ce kada ɗansa ya makara aiki. Ranakun da ta tashi maka da kanta, ka ɗauka tausayinka ta ji?"

Na nemi ƙasa ta tsage. Na durƙusa a gaban mutanen da na tara da bakina, ina ba da haƙuri, hulata har tana faɗuwa. Baba ya ce ya yafe. Ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin.

"Wurin ajiya yana nan, ba a hana ka ba. Wannan dai riƙe abinka, Malam."

Altaneta kwana ɗaya Isa ya gyara ta. Baba kuwa ya ƙara shekara shida a duniya, kullum muna gaisawa, amma bai sake ce mini "ɗana" ba.

Yanzu ko dutsen guga ne ya kunna jar wuta, tsayawa nake in tambayi wanda ya girme ni.