Ƙwan Zabi da Fitilun Ƙarshen Sama

"Lafiya lau, mijin banza. Ina cefanena?"

Haka matata Asama'u ta amsa gaisuwar jikanmu Usaini ranar da ya zo Gagarawa. Ya samu gurbin karatun taurari a ƙasar waje, ubansa kuwa ya ce ba inda za shi sai kakarsa ta yarda. Da hantsi ya same ta tana ɗaga ƙwan zabi ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a rana kafin ta kai kasuwa. Ni ina gefe ina tufka igiya.

"Wane cefane ga marar haƙori? Izini na zo nema."

"Na leƙen taurari? Kai da barci bai taɓa barinka ka ga Gamzaki ba?"

"Gamzaki ai maƙwabci ne. Namu taurarin, haskensu ya baro gida shekara biliyan goma sha uku. Sa'anninki ne."

"Ungo naka! Me za ka tsinto a can?"

"A farkon halitta wani irin hayaƙi ne ya cika sarari, kamar madafinki in kin hura ɗanyen itace. Da taurarin farko suka kunnu, sai ya fara washewa. Lokacin da ya washe muke nema. Akwai manyan fitilu can ƙarshen sama, ana ce musu kweza. In haskensu ya ratso hayaƙin, sai mu gane kaurinsa."

Ta tsaya cak.

"Wato ku sa abu gaban haske ku ga cikinsa? Sana'ata kuka sace! Shekara hamsin ina yi, ba wanda ya sa ni a jirgi." Ta miƙa masa ƙwai ɗaya. "Duba. In ka faɗa daidai, ka tafi."

Nan wasa ya ɗauke masa. Ya ɗaga, ya kanne ido, ya juya, har gumi ya keto masa.

"Lafiyayye ne."

Ta fasa shi a ƙasa. Baragurbi! Har kaji suka watse. Ya kalle ni, na ci gaba da igiyata.

"Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi..." Dariya ta hana ta ƙarasawa, har ɗankwali ya zame. "Kai, jahilcinka ya fi ƙarfin malaman gida. Je ka ce wa ubanka na yarda. Allah Ya yi maka albarka."