Ranar Da Na Kai Alƙali Ganin Gona A Ƙarƙashin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da shari'ata ta farko a ofishin Babanmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Warra ba za su bari ba.

Baba ya buɗe ofishin lauya a Yelwa da shago ɗaya, tebur ɗaya da tabarma. Tabarmar nan ce ta ciyar da mu, don a kanta yake zama da masunta da manoma, a yi ta gaisuwa da tambayar ruwa kafin a taɓo magana. Ni kuwa na dawo daga makarantar lauyoyi da kwat da girman kai, na sa aka naɗe tabarmar (wai zamani ya zo).

Sai Baba ya ba ni shari'ar Malam Gado, wani dattijon Warra mai noman albasa a bakin tafki, wanda maƙwabcinsa ya ci masa iyaka. A kotu na miƙe, na baza Turanci, na roƙi alƙali ya je ya ga duwatsun iyakar da idonsa. Ni da bakina na zaɓi rana. Malam Gado ya jawo hannun rigata, ya ce, "Ɗan Barista, ai ruwa..." Na ce, "Malam, bar wa masu ilimi."

Ranar muka kwashi alƙali da magatakarda da lauyan ɗaya ɓangaren har bakin tafki. Ina gona? Ruwa ne shimfiɗe iya ganinka. Ashe irin gonar nan ce da ba ta fitowa sai tafki ya janye, abin da ko akuyar garin ta sani. Wani mai kwalekwale ya dubi takalmina cikin taɓo, ya ce, "Barista, kai za ka nutsa ka ɗauko iyakar, ko mai shari'a?"

Alƙali bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ɗage zama, ya hana kowa taɓa gonar sai ya sake zuwa. Kafin a sami wata rana lokacin dashe ya wuce, Malam Gado bai ɗauki ko kwando ɗaya na albasa ba a shekarar. Mun ci shari'ar daga baya, amma wallahi har yau kunyarsa nake ji.

Baba bai yi mini faɗa ba. Washegari dai na tarar an fitar da kujerata, an shimfiɗa tabarma a gurbinta.

Yanzu ni da ƙanwata mun buɗe rassa a Warra da Shanga, kowanne da kwamfuta da tabarmarsa. Duk wanda ya shigo, kafin in tambayi sunansa sai na tambaye shi yaya ruwa, in kuma ja bakina in yi shiru har ya gama.