Gajeriyar Ƙofar Ompung

"Horas, Pariban. Ashe kina raye? An ce mini baƙi sun cinye ki."

"Horas. Da sun cinye ni ai da ka fi kowa kuka, don ba ka da inda za ka ƙara cin kifin banza. Ina zarton?"

"Yana cikin buhu. Ko lafiyata ba ki tambaya ba."

"Na ga ka zo da ƙafarka. Me ya rage?"

Haka, bayan Horas ɗin gaisuwa, Lamria ta tarbi Marolop da hantsi a gindin tsanin tsohon gidansu, kuma duk wanda ya san su a wannan gefen na tsibirin Samosir da ke tsakiyar tafki ko kai ba zai ɗaga ba. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, uwarsa ƙanwar ubanta. Pariban ke nan, taubasai, waɗanda al'ada ta ce su auri juna in sun ga dama, su kuwa suka ga damar zagin juna har furfura ta game musu kai. Ta auri malamin makaranta ta binne shi, ya auri wata 'yar garin Pangururan ya binne ta, zagin bai fasa ba.

Amma abin da ya sa ta kira shi yau ba na dariya ba ne. Gidan na kakarsu ne, Ompung, irin na da mai tsaye a kan ƙafafun katako. Gado ya gangaro har kan Lindung, ƙanen Lamria da ke zaune a Jakarta, shi kuma ya ce a zuba katifu, a gina banɗaki a baya, a riƙa ba masu zuwa ganin tafki haya na 'yan kwanaki. Lamria ke fama da shi: shara, wankin zannuwan gado, amsa saƙo a waya. Komai na tafiya daidai ban da ƙofa. Gajera ce kamar ta kowane gida irinsa, iyakarta ƙirjin mutum, dole ka sunkuya kafin ka shiga. Baƙin nan kuwa ba sa sunkuyawa. A makon jiya wani dogon Bature ya fasa goshi, ya ɗauki hoton jinin ya liƙa a intanet, daidai inda ake neman gidan. Lindung ya bugo waya yana huci: ko a yanke ƙofar a ɗaga ta kafin baƙi na gaba su iso, ko ya miƙa gidan ga masu otal su yi yadda suka ga dama da shi. Duk ƙauyen babu kafintan da ya kai Marolop, maganar da Lamria ba za ta taɓa yi a gabansa ba ko za a yanka ta.

Ya hau tsanin yana nishi, ya dafa gungumen saman ƙofar kamar mai gaida majinyaci.

"Wannan ce mai laifin? Baiwar Allah. Tana tsaye wuri ɗaya tun ba a haifi ubanki ba. Mutum ya taso daga ƙasarsu, ya hau jirgin sama, ya hau mota, ya hau jirgin ruwa, ya zo ya kai mata karo, kuma ita ce da laifi."

"Kai ba za ka gane ba, ai ba ta taɓa samunka ba. Da tsayinka kake shigewa, har da hula."

"Ni? Kin ga loɓawar nan? Kaina ne. Ranar da na zo neman aurenki na leƙa na ga fuskarki da sassafe ba ki wanke ba, na juya da gudu."

"Maƙaryaci. Ka zo da kaza mai ido ɗaya a hammata, Baba ya dube ku ya ce wanne ne angon a cikinku."

"Kuma kika cinye kazar."

"Ita kaɗai ce mai amfani a cikin tawagar."

"Kin yi asara, Pariban. Da yanzu kina matar babban kafinta, kujera ma ba kya saya."

"Kujerar da ka yi wa coci fa? Limamin bai gama zama ba ya ji shi a ƙasa."

"Nauyin zunuban jama'a ne, ba aikina ba."

Ya zazzage buhun, ya auna, ya ja layi da alli a kan gungumen, tsawon hannu sama da inda ƙofar ta tsaya. Layin ya ratsa ta tsakiyar sassaƙen ja da baƙi da fari da ke kewaye da ita. Lamria ta kau da ido ta dubi tafki.

"Kin tuna abin da Ompung ke cewa? Wanda bai sunkuya wa gidana ba, ba zai ci shinkafata ba."

"Kai kam ka sunkuya har bayanka ya lanƙwashe, don ka cinye ta."

"Girman kai rawanin tsiya. Ke da ba kya sunkuyawa ai ga ki nan kin ƙare a wanke wa Turawa zanin gado."

"Sana'a ce. Kai taka sana'ar zaman shagon kofi kana ba yara labarin ƙarya."

"Wace ƙarya? Na ce musu a sabuwar shekara gidan nan yana ɗaukar mutum ɗari."

"Da ɓaunar noman da ke ƙarƙashin gidan ka ƙirga?"

"Da ke na ƙirga, na ba ki wurin mutum goma saboda minshari."

Ta yi dariya ba don ta so ba. Gaskiya ne gidan yakan cika. Kowane iyali da kusurwarsa, babu bango babu labule, murhu a tsakiya hayaƙi na cin ido, kaji da ɓauna na motsi a ƙarƙashin daɓen katako. Yara a jere kamar kifi a kasko, ita da wannan tsohon banzan suna shurin juna a cikin bargo ɗaya har Ompung ta miƙo ludayi ta raba su. Yanzu katifu farare ne a wurin, da fitila mai kyau, da wani ƙamshin sabulu da ba na kowa ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma Lamria ta san ba ta ji ba.

Marolop ya ɗora haƙoran zarto a kan layin.

"Riƙe mini nan, kada ya tsage."

Ta ɗora hannu. Katakon ya yi sulɓi saboda tafukan da suka dafa shi. Ya ja zarton sau ɗaya, garin katako ya zubo mata a bayan hannu. Sai ta tuna ranar da aka fito da Ompung: manyan maza, har da ubanta mai tsananin ji da kai, a kan gwiwoyinsu suka fito da akwatin gawarta ta wannan ƙofar, don babu yadda za a yi a fitar da ita a tsaye. Zuciyarta ta karye.

"Tsaya."

"Ban fara ba ma."

"Na ce tsaya, kurma."

Ya sauke zarton da saurin da ya nuna dama jira yake. Ta zauna a kan matakalar sama tana kakkaɓe hannu, ta ƙi dubansa.

"Ba zan iya ba, Pariban. In na yanke, na yanke Ompung. In ban yanke ba, Lindung ya ba masu otal, su kuma ba ƙofa kaɗai za su yanke ba."

"To kuka za ki yi mini? Fuskar nan ko da dariya da ƙyar ake kallonta."

"Allah ya isa."

"Tambaya ɗaya. In baƙin sun iso, ke kina ina?"

"Ina gidana mana. Ga akwatin ƙarfe can a jikin ginshiƙi, makulli na ciki. Ina aika musu lambar ta waya, su buɗe su shiga. Haka kowa ke yi yanzu."

"Shi ya sa kowa ke fasa goshi. Zamanin Ompung kin taɓa jin baƙo ya bugu? 'Yan kasuwa sun shiga, fastoci sun shiga, har wani Baturen mishan mai tsawon itacen kwakwa ya shiga."

"Su sun san al'ada."

"Ba su san komai ba. Tana zaune ne a tabarma daga ciki, dab da ƙofa, tana taunar ganyen demban kamar goro, bakinta jawur. Kana hawowa ka ji an ce Horas daga ƙasa. Ina idonka zai je? Ƙasa. In ido ya sauka kai ma ya bi shi. Yanzu mutum ya hawo gidan da babu kowa, hancinsa a sama yana ɗaukar hoton rufi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ke kuwa kin shimfiɗa katifa kin gudu."

Abin da ya fi ƙona wa Lamria rai shi ne tsohon ya yi gaskiya.

"Ni ina da gona, ina da jikoki, ga wanki. Wa zai zauna yana jiran jirgin ruwa ya kawo baƙi?"

"Sai wanda ba shi da aikin yi."

"Mai zaman shagon kofi."

"Mai kyan fuska, mai labari."

"Za su gudu da kuɗinsu."

"Za su gudu da goshinsu lafiya. Ki gaya wa Lindung kafinta ya duba, ƙofa lafiyarta ƙalau, gidan ne babu kowa a ciki. In wani ya ƙara buguwa, ni da kaina zan yanke ta."

"Me zan biya ka?"

"Dafaffen kifinki na arsik duk ranar da baƙi suka zo. Da yaji sosai, ba irin na marowata ba."

"Ɓarawo. Shiga ka zauna in ga ko za ka yi kama da mutum."

Da ma ƙofar a buɗe take tun sharar safe, ya shige yana gunaguni a kan ciwon gwiwarsa. Ta sauka ta buɗe akwatin ƙarfen, ta ɗauko makullin, ta sake hawowa a hankali kamar baƙuwa. Daga cikin duhun gidan, can ƙasa dab da ƙofa, murya ta ce, "Horas."

Tun rasuwar Ompung ba wanda ya zauna a wurin nan. Idon Lamria ya sauka, kanta ya bi, sai ga ta a ciki a sunkuye, hannu a gwiwa, a gaban Marolop da ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma yana washe ragowar haƙoransa.

"Na gode Allah," in ji shi. "Tun muna yara nake jiran ranar da za ki rusuna mini."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne," ta ce, dariya da hawaye sun haɗe mata.

Ta jefa masa makullin a cinya.

"Ka ci, Pariban. Matsa in zauna, ka cinye tabarmar kai kaɗai."